Jan Zaren Kaka

Kakana ya iso gidanmu na Sentul da jaka ɗaya da sanda. Ko ruwa bai kurɓa ba ya tambayi Dadi, "Ina iyakar gidan nan?"

Dadi ya ce, "Baba, ai bene ne. Hawa na goma sha bakwai muke."

"Na ji. Ƙasar da ke ƙarƙashinku ta wa ce?"

Na ce, "Ta mutanen hawa na goma sha shida ce."

Ya juyo wajen da muryata ta fito, don a lokacin yanar ido ta rufe masa gani, inuwar mutum kawai yake gani. Ya ce, "Wannan mai bakin ita ce matar tawa? Lallai an cuce ni." Na ce ni aka cuta, da aka haɗa ni da miji mai haƙori huɗu. Ya ce biyar ne, in zo in ƙirga. Haka muka fara, kuma har yau ba mu daina ba.

Aikin ido ya kawo shi Kuala Lumpur, likita ya sa rana bayan mako uku. Kafin ya yi ritaya, ya fi shekara talatin yana magatakardan filaye a kotun garinmu. A can duk wanda ya sayi gona ko fegi kotu yake zuwa, alƙali ya saurara, magatakarda ya rubuta, a ɗaure takardun da zare a cikin fayil a ajiye. Aikin ya shiga jinin Kaka har ya wuce misali. Idan ka ce masa ka ci abinci, sai ya tambaye ka su waye shaidu. Ranar da na kai shi kedai ɗin mamak, wato shagon shayi da abinci da ke ƙasan benenmu, ya tsare mai shayi da tambaya ko teburan da ya jera a bakin titi suna cikin filinsa. Mutumin bai ji ko kalma ɗaya ba, sai murmushi yake yana cewa, "Boleh, boleh," wato "to, to" da yarensu. Kaka ya ce mini, "Kin gani? Ya amsa laifinsa."

Shi kuwa Dadi aikin kwamfuta yake yi, kuma akwai abin da ya ɓoye wa Kaka wata da watanni don ya ba shi mamaki. Ƙaramin kamfanin da yake wa aiki ne aka ba kwangilar kwashe rajistar filayen kotun nan, ita dai ta Kaka, a zuba ta a kwamfuta. An ɗauki samari a can gida suna ɗaukar hoton takardun da sikana, hotunan suna zuwa wa Dadi a nan yana shirya su. Idan an gama, mutum zai buga lambar gona ya ga tarihinta cikin ƙiftawar ido, ba sai ya yi sati yana zarya a kotu ba. Dadi yana alfahari da aikin nan kamar shi ya ƙirƙiro wutar lantarki.

Awa bakwai ne tsakaninmu da gida. Idan kotu ta buɗe da safe a can, mu nan ƙarfe uku na rana ne, daidai lokacin da nake dawowa daga makaranta. Wata Talata na shigo na tarar Dadi ya zaunar da Kaka a gaban kwamfuta, ya sa masa sabuwar hula, ya kira ɗakin rajistar ta bidiyo. Wani saurayi mai dogon wuya, shugaban masu sikana, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Kaka, sai kansa ya ɓace daga hoton muka koma kallon silin. Dadi ya yi ta bayani. Kaka yana gyaɗa kai, fuskarsa a sake, har da tambayar ko tagar gabas tana nan tana ƙin rufuwa.

Can sai ya ɗaga hannu. Ya ce, "Me ake yankawa?"

Mu ba mu ji komai ba. Sai da muka yi shiru sannan muka ji shi a bayan saurayin, ƙyas, ƙyas, ƙarar almakashi.

Saurayin ya ce, "Zaren fayil ne, Baba. Na'urar ba ta karɓar takarda a ɗaure, sai an raba su ɗaya ɗaya. Idan mun gama muna sa sabon zare."

"Har da jan?"

"Duka, Baba. Fari da ja."

"Ina kuke zubawa?"

"A kwandon shara. Duk Juma'a ake ƙonawa."

Kaka ya cire sabuwar hular ya ajiye a kan tebur. Ya lalubi sandarsa ya miƙe, ya bi bango har ɗakinsa ya rufe ƙofa. Da yamma Momi ta yi masa tuwon shinkafa da miyar kuka, kukar da take ɓoyewa kamar zinariya, ya ce ya ƙoshi. Mutumin da ko a jirgi sai da ya cinye nasa ya nemi na maƙwabcinsa.

Washegari na yi masa tapau, wato sayen tafi-da-gidanka, na gurasar roti daga wajen mai shayinsa, na shiga ba sallama, na ce idan bai ci ba zan kai shi kotu in nemi saki. Bai yi dariya ba. Ya ce in zauna.

Ya ce a wajenmu mutane da yawa a gona suke binne nasu. Idan wuya ta sa aka sayar da gonar, ana sayarwa ne da sharaɗi: ba za a taɓa kabarin ba, kuma dangi za su riƙa zuwa suna share shi. Amma takardar kotu ba ta da gurbin rubuta wannan, kuma alƙalin wancan zamani ya hana a ƙara ko ɗigo a wajen layukan da gwamnati ta zana. Sai Kaka ya ɗauko jan zare daga kwandon ɗinkin marigayiya kakata. Duk gonar da ke da kabari, sai ya ƙara jan zare a kan farin da ke ɗaure da fayil ɗin, ya yi ƙulli ɗaya ga kowane mamaci. Idan aka zo sake sayar da gonar, da ya ɗauko fayil ya ga ja, sai ya miƙe a gaban alƙali ya ce wa mai saye, "Akwai masu kwana a gonar nan, mutum biyu. Ka yarda?" Sai ya yarda da bakinsa a gaban jama'a. Kaka ya koya wa wanda ya gaje shi, wannan ya rasu, na bayansa kuma ya ɗauka ado ne.

Na ce, "To ai kabarin yana nan a ƙasa, ko an ƙona zare."

Ya ce, "Tudun ƙasa ne da duwatsu huɗu. Mai saye zai duba na'urar ubanki ya ga gona fes, ya kawo motar tone ƙasa."

Sai ya murza gefen zanen gado. Ya ce, "Uwata tana ɗaya daga ciki."

Ban taɓa sani ba. Wata shekarar yunwa, yana saurayi, babansa ya sayar da gonar da aka binne ta, a gindin wata ɗorawa. Kowace shekara kafin Kirsimeti Kaka yana zuwa da fartanya ya share wurin. Mai gonar na yanzu ya tsufa ƙwarai, 'ya'yansa kuma sun riga sun sami mai saye, wani mai son kafa gidan bulo. Jira kawai suke a buɗe sabuwar rajista su yi cinikin.

Na ce, "Ka faɗa wa alƙali mana."

"Magatakarda ba ya shaida a kan abin gidansu. Za a ce tsoho ya ƙirƙiro al'ada don uwarsa." Ya tura mini rotin. "Ki gaya wa ubanki ya nemo mini jirgi. Gida zan koma in zauna a bakin gonar. Idon ya jira."

A ranar Dadi ya kira gida ya hana yanka zare, amma an riga an wuce rabi, kuma fayil ɗin gonar ɗorawa yana cikin na farko da aka yanka. Gidanmu ya koma kamar ɗakin jiran asibiti. Dadi ya ce, "Baba, da ka rubuta a wani littafi ai da ba haka ba." Kaka ya ce, "Da ka tambaye ni kafin ka sa almakashi a aikina ai da ba haka ba." Dadi ya ce so ya yi ya ba shi mamaki. Kaka ya ce ai kuwa ya ba shi. Momi ta yi ta kai da kawo tsakaninsu da kofin shayi, har na fara tsoron za ta haƙa rami a tsakar falon mu faɗa kan mutanen hawa na goma sha shida. Likita ya ce idan aka ɗaga aikin, idon hagu ba lallai ya dawo ba. Kaka ya ce na dama ya ishe shi share kabari.

A nan ya kamata in faɗi wani hali nawa. Ina da baiwar zuƙo hoto. Ba ni hoton biki mai mutum hamsin, cikin minti biyu zan nemo miki wanda ke sakace haƙori a layin baya. A wayata akwai tarin hotunan dattawan cocinmu suna gyangyaɗi lokacin wa'azi, kowanne na zuƙo shi har ana ganin miyau. A wannan makon ne Momi ta gano tarin, saboda wata ƙawata mai ƙaramin kai ta tura wa yayarta, yayar ta tura wa duniya. Aka ƙwace wayar. Aka ce daga makaranta sai gida, daga gida sai makaranta.

Ranar Asabar zaman banza ya kusa kashe ni. Dadi ya tashi daga kan kwamfuta ya shiga wanka, ya bar hotunan takardun a buɗe. Kaka kullum yana cika baki cewa a duk shekarun aikinsa bai taɓa kuskuren rubutu ba, bai taɓa goge ko harafi ɗaya ba. Na ce yau zan kama shi, ko banza ya yi mini tsawa gidan ya ɗan motsa. Na zauna na fara zuƙowa.

Rubutun nasa abin haushi ne, tsaf kamar an buga da inji. Na bi layi layi ban sami komai ba. Sai na koma gefen takardar ina neman ko ɗigon miya. A saman kusurwar hagu, kusa da hudar zare, na ga wasu ɗige biyu ja-ja, dusu-dusu, kamar cizon sauro. Na buɗe wani fayil, babu. Na buɗe na gaba, guda ɗaya.

Na ƙwala masa kira, "Maigida! Na kama ka! Kana shan zoɓo a kan takardar gwamnati!"

Daga ɗaki ya ce, "Ban taɓa shan ko ruwa a teburin aiki ba."

"To me ya kawo jan ɗigo a kusurwa?"

Na ji sandar ta faɗi. Ya fito ba ita, yana lalube, ya yi karo da kujera bai ko tsaya zaginta ba. Ya ce, "Guda nawa? Karanta mini lambar."

Na karanta. Ya rufe idanun da dama ba gani suke ba, ya ce, "Gonar bakin rafi. Biyu. Mata da miji."

Biyu ne.

Ashe zaren kakata mai zuba ne. Ɗakin rajistar yana yin danshi da damina, fayil kuma a danne suke a kan juna shekara da shekaru, sai kowane ƙulli ya bar tambarinsa a shafin farko. Muka mayar da abin wasa. Ni in faɗi lamba in rufe bakina, shi ya faɗi yawan ƙulli, sannan in duba. Ɗaya. Babu. Uku, har da na jariri. Dadi ya fito da tawul a wuya da kumfa a kunne ya tsaya a bayanmu. Sau ɗaya kawai Kaka ya kuskure, shi ma ya ce ni ce ban iya karanta bakwai ɗinsa ba.

Dadi ya ce a hankali, "Baba, faɗi lambar taku."

Kaka ya faɗa. Na buɗe. Na zuƙo kusurwar har takardar ta koma kamar bargo. Fara fat. Na duba ɗaya kusurwar, na duba shafi na biyu, na ƙara haske, na rage. Babu komai.

 Kaka ya yi wata 'yar dariya da ban so jinta ba. Ya ce, "Ni na yi. Wannan fayil ɗin a leda na naɗe shi, na sa shi a can saman kanta inda ruwa ba ya kaiwa. Duk cikinsu shi kaɗai na hana danshi ya taɓa."

Ya koma ɗaki. Wannan karon bai rufe ƙofar ba, kuma hakan ya fi ba ni tausayi.

Ranar Lahadi a coci ban ji wa'azin ba, ko dattawan da ke gyangyaɗi ban kalla ba. Ina ta tunanin ledar nan. A hanyar dawowa cikin jirgin ƙasa na LRT, rana ta bugo ta taga a gefen fuskar wani yaro da ke tsaye, na ga duk ƙurajen kumatunsa sun fito ɗaya ɗaya da inuwarsu. Wannan ilimi ne da na daɗe da shi: idan kina son ɓoye ƙurji ki fuskanci haske, idan kina son tona asirin na wata ki sa hasken ya zo mata ta gefe. Sikana kuwa gaba da gaba take haska takarda. Na kama hannun Dadi na ce, "Zaren bai zuba ba, amma ai an danne shi."

Litinin ƙarfe uku na rana na shigo da gudu ko takalmi ban cire ba. Dadi ya riga ya kira saurayin mai dogon wuya, ya sa shi ya nemo ainihin fayil ɗin. Kaka yana zaune a gefe, wai shi ba ruwansa, iska kawai ya fito sha. Na karɓi ragamar. Na ce wa saurayin ya kashe fitilar ɗakin, ya rufe taga, ya kwantar da takardar a tebur, ya kunna tocilan waya ya ajiye ta a gefe daidai da takardar.

Ya ce, "Ƙanwata, tagar gabas ba ta rufuwa."

Kaka ya ce, "Ɗaga ta sama kaɗan, ka tura da gwiwa."

Ta rufu. Hoton ya yi duhu, sai farin takarda da haske yana kwance a kanta. Na ce ya matso da kyamara kusurwar hagu. Ya matso har muka ga hancinsa, na ce ba kai ba, takardar. A gefen hudar zare akwai wani ɗan lotsawa, ƙarami kamar gurbin ƙwayar dawa, da 'yar inuwarsa a ciki.

Na ce, "Kaka, ɗaya."

Ya ce, "Kin tabbata ba ƙurjinki kike gani ba?"  Saurayin ya shafa wurin da yatsa ya ce, "Wallahi akwai rami, Baba. Ina jin sa." Momi, wadda ashe tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi, ta ce, "Mun gode Allah," ta koma ciki da sauri don kada a ga idonta.

Sauran aikin na Dadi ne, kuma bai yi masa daɗi ba. Dole ya kira alƙalin kotun ya ce aikin da ya yi ta yabo yana da rami, a ɗaga ranar buɗewa. Na ji shi ta bango yana ta "ranka ya daɗe" har na daina ƙirgawa. Alƙalin ya sa aka kawo masa fayil masu jan tambari ya duba da idonsa, ya sa aka haska masa na gonar ɗorawa. Ya yarda a ƙara gurbi a sabuwar rajista, da sharaɗin a kira dangin kowace gona su tabbatar. Tsohon mai gonar ɗorawa da kansa ya zo a bayan babur, ya ce shi ma a gaban wani magatakarda mai taurin kai ya amsa sharaɗin, kuma 'ya'yansa za su amsa ko sun ƙi ko sun so.

Kaka ya je aikin idonsa a ranar da aka sa. A hanya ya yi ta yi wa direban tasi bayanin iyakokin unguwanni da bai taɓa gani ba.

Da aka cire masa bandeji, ni ce a gabansa, na yi kwalliya ta musamman. Ya ƙura mini ido ya daɗe. Ya ce, "Likita, mayar da bandejin." Na ce ai shi ma yanzu zai ga madubi, mu ga wa zai fara kuka.

A gida Dadi ya zaunar da shi a gaban kwamfuta, ya sake sa masa hular nan, ya ce ya buga lambar da kansa. Ya ɗauki kusan rabin yini yana neman kowace lamba da yatsa ɗaya. Shafin ya buɗe. Ga rubutunsa na da a gefe, ga sabon gurbi a ƙasa an rubuta cewa akwai kabari ɗaya kuma dangi na da izinin ziyara. Kusa da rubutun akwai ɗan hoton jan ƙulli. Ni na zana shi, kwana biyu ina fama, kuma Dadi ya sa shi ya riƙa fitowa a duk gonar da ke da masu kwana.

Kaka ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya karanta layin sau biyu a bayyane. Ya sa babban yatsa ya shafa wurin, ya bar mana tambarin man shafawa a allon. Sannan ya nuna zanena.

"Wa ya ɗaura wannan?"

Na ce ni ce, ina jiran yabo.

"Wannan ai ɗaurin igiyar takalmi ne. Ja ɗaya zai kwance."

Washegari ya sa na raka shi titin Jalan Masjid India, muka bi shagunan yadi ɗaya bayan ɗaya yana ƙin zarensu, wai duk ba ja ba ne. A shago na shida ya sami wanda ya yi masa, ya jiƙa bakin zaren da miyau ya goga a bayan hannunsa, ya ga ya zuba, ya ce a ba shi. A teburin mai shayinsa ya koya mini ƙullin, sau biyu ta ciki sannan a ja ta baya. Na yi ya fi sau ashirin kafin ya ce ba laifi. Na sake zanen a ranar.

Ya koma gida farkon Disamba. Mako guda bayan haka saurayin mai dogon wuya ya turo wa Dadi hoto: Kaka a gindin ɗorawa da fartanya, wurin a share tas, a can nesa an fara jera bulo an bar masa fili da 'yar hanya. A lokacin an dawo mini da wayata, saboda haka na zuƙo hoton. Yana dariya, kuma na ƙirga da kyau. Haƙori huɗu ne.